An yi wa ma'aikatanmu bita, amma tsawa da mari sun dawo: shin tallafa wa juna zai yi magani?

Tambaya: Wata Hajiya da ke shugabantar wani gidan kula da marayu da gajiyayyu a cikin garin Sakkwato ta rubuto cewa: "Yara da tsofaffin da ke hannunmu, da yawansu daga ƙauyukan gabas anka kawo su bayan harin 'yan bindiga. Bara wata ƙungiya ta yi wa ma'aikatanmu bita kan yadda ake kula da wanda ya ga tashin hankali. Sun dawo da takardun shaida, amma ba a jima ba komai ya koma gidan jiya: tsawa, zagi, wani lokaci har mari. Biyu daga cikin waɗanda na fi yarda da su sun aje aiki, wata kuma kullum ciwon kai. An ba ni shawara in kafa tsarin da ma'aikata za su riƙa tallafa wa junansu. Wannan yana aiki, ko taron shan shayi ne kawai? In yana aiki, ta ina zan faro?"

Amsa: Hajiya, sannu da ƙoƙari, Allah ya ba da lada. Yana aiki, amma ba kowane iri ba. Akwai ma irin da in kika kafa shi, gara a ce ba ki kafa komai ba, kuma shi ne wanda mutane suka fi saurin kawowa. Zan zo kansa.

Kada ki yi saurin cewa bitar ta tafi a banza. Ma'aikatanki ba su manta abin da aka koya musu ba. Ki tambayi kowacce da hantsi, bayan ta yi barci ta karya, za ta zayyano miki shi tsaf: kada a yi wa yaro tsawa, kada a taɓa shi ba sanarwa, a ba shi zaɓi. Matsalar ita ce lokacin da ake bukatar wannan ilimi, shi ne daidai lokacin da ƙwaƙwalwa ba ta iya ɗauko shi.

A ce dare ne cikin watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40 tun da rana, bango bai huce ba, an ɗauke wuta. Mai aikin dare ita kaɗai ce da ɗakin yara. Ta ji motsi, ta kunna tocila ta leƙa, a daidai lokacin wani ɗan kabu-kabu ya wuce ta bayan katanga. Wata yarinya 'yar shekara tara da aka kawo daga wajen Sabon Birni ta zabura da ihu, ta shige ƙarƙashin gado. Ma'aikaciyar ta kamo ƙafarta don ta jawo ta kada sauran su tashi, yarinyar ta gantsara mata cizo. Daga nan zuwa mari, ƙiftawar ido ne. Yarinyar ba rashin kunya ta yi ba. Hasken tocila a fuska da ƙarar babur cikin dare su ne abubuwan da suka riga mutuwar mahaifinta, don haka jikinta ya amsa kafin hankalinta ya tantance inda take: zuciya ta buga, sinadarin adiranalin ya kwarara, sai gudu, ko faɗa, ko sandarewa. Wannan kowa ya ji shi a wurin bita. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, irin wannan jikin ne da ma'aikaciyar. Ba ta yi barci ba, an cije ta, tana tsoron gobe a ce ba ta iya aiki ba. Ita ma jikinta ya riga tunaninta. Takardar shaidar da ke cikin jakarta ba za ta riƙe mata hannu ba. Abin da zai riƙe shi, wata abokiyar aiki ce da za ta dafa kafaɗarta ta ce, "Je ki sha ruwa, na karɓe ki."

Ki ƙara da wannan: su waye ma'aikatan naki? A Sakkwato ta yau, da wuya ki tara mutum goma masu ƙaramin albashi ba ki sami wanda ke da dangi a Isa, Rabah, Goronyo, Wurno ko Tangaza ba. Wata an sace ƙaninta ana haɗa kuɗin fansa, wani ƙauyensu ya watse iyayensa suna raɓe a ɗakinsa, wata tana da 'yan uwa da suka tsallaka jihar Maraɗi. Waɗanda suka rasa wani a harin kasuwar Goronyo na watan Oktoban 2021, ko a motar matafiyan da aka ƙona a yankin Sabon Birni a watan Disambar wannan shekarar, ba su ƙaura daga duniya ba, suna nan cikinmu suna neman abinci, wasunsu a irin gidanki. Idan yaro ya ba da labarin daren da aka shigo garinsu, mai sauraren ba labarin wata ƙasa take ji ba.

Ko wanda bai taɓa ganin komai da idonsa ba, yawan saurare yana taɓa shi. Masana biyu a Amurka, McCann da Pearlman, sun bayyana wannan a 1990: mai kula da waɗanda aka zalunta, a hankali yakan fara ganin duniya da idonsu, ya daina yarda da mutane, ya riƙa zargin kowace ƙara. Wani masani, Charles Figley, ya faɗaɗa maganar a 1995, ya nuna yadda tausayi kansa yake gajiya. A 2019 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya ƙonewar ƙarfin ma'aikaci cikin kundinta na rarrabe cututtuka, ba a matsayin cuta ba, a matsayin abin da yanayin aiki ke haifarwa, da alamu uku: gajiyar da hutu ba ya kawarwa, janyewar zuciya daga aikin, da raguwar ingancinsa. Ki lura da ta biyun. Ma'aikaciyar da a da take goya jariri tana yi masa wasa, yanzu kuma tana dangwara masa kwano ba ta kallon fuskarsa, sau da yawa ba mugunta ta koya ba. Ta rufe ƙofa ce don kada abin ya ƙara shigarta. Kuma waɗanda suka fi tausayi su suka fi saurin kaiwa nan, shi ya sa ban yi mamaki ba da kika ce waɗanda kika fi yarda da su ne suka tafi.

Shi wannan salon kula da ake ta yi wa bita, tushensa sauya tambaya ne, daga "me ke damun wannan yaro?" zuwa "me ya faru da shi?". Abin da ya ba shi ƙarfi shi ne wani bincike da likitoci biyu, Felitti da Anda, suka fara wallafawa a 1998, wanda ya shafi manya sama da 17,000 a Amurka, ya kuma nuna cewa yawan masifun da mutum ya gani yana yaro yana tafiya tare da ciwon zuciya, shaye-shaye da baƙin ciki bayan ya girma. A 2014 hukumar SAMHSA ta gwamnatin Amurka, mai kula da lafiyar ƙwaƙwalwa da shaye-shaye, ta tsara shi a ginshiƙai shida: aminci, gaskiya da riƙon amana, tallafin tsara, aiki tare, bai wa mutum murya da zaɓi, da la'akari da al'ada da tarihi da jinsi. A asali, tallafin tsara yana nufin waɗanda suka sha irin wahala ɗaya su riƙe juna. A gidanki kuwa wannan ya haɗa da ma'aikata kai tsaye, saboda dalilin da na faɗa. Takardar hukumar ta kuma fito fili cewa ginshiƙan na ma'aikata ne kamar yadda suke na waɗanda ake kula da su. Wadda ake yi wa tsawa a ofis gaban na ƙasa da ita, ba za ta shiga ɗaki ta yi magana a hankali ba.

To ga irin da nake gargaɗin ki a kai. Wani abu mummuna ya faru, a ce yaro ya rasu a hannun ma'aikata, ko wata ta yi yunƙurin halaka kanta. Washegari a tara kowa a ɗaki ɗaya, a ce dole kowa ya faɗi abin da ya gani dalla-dalla da yadda ya ji, wai don a amayar da abin a huta. An yi shekaru ana yin haka a ƙasashe da dama da kyakkyawar niyya. Da aka zo aka auna, sai aka tarar ba ya hana ciwon firgici na bayan masifa, a wasu gwaje-gwajen ma waɗanda aka yi wa sun fi waɗanda aka ƙyale shan wahala daga baya. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada a yi shi. Dalilin ba shi da wuyar ganewa: wadda ba ta ga gawar ba yanzu ta gan ta ta bakin wasu, wanda jikinsa ke ƙoƙarin lafawa an sake tayar masa da shi, mai kunya kuma an tsiraita shi gaban jama'a. Yawancin mutane suna farfaɗowa da kansu cikin makonni in sun sami barci, abinci, aminci da mutanen da suka yarda da su. Saboda haka doka ta farko a gidanki: ba a tilasta wa kowa ba da labari. Ba yaro ba, ba tsoho ba, ba ma'aikaci ba.

Abin da zan so ki fara da shi bai ma yi kama da tsari ba. Ki kafa al'adar karɓar juna. A yarda a tsakaninsu cewa duk wadda ta ji ranta ya fara tafasa tana da damar ta ce "karɓe ni", ta fita minti biyar, ba tambaya, ba gori daga baya. Duk wadda kuma ta hango muryar 'yar uwarta ta fara hawa, tana da damar ta shigo ta karɓa ba tare da an ɗauke shi raini ba. Nan ne wahalar take, domin a al'adarmu yarinya ba ta cewa babba "matsa in yi". Mafita ita ce a zaɓi wata jimla da ba ta kunyata kowa gaban yara, kamar "Inna, ana kiranki a kicin", kowa ya san ma'anarta. Ke kuma ki fara amfani da ita a kanki, a gan ki kin ce a karɓe ki. In ba ki yi ba, ba mai yi. Wannan kuwa yana nufin ba za a bar mutum ɗaya da aikin dare ba. In ba ki da kuɗin ƙara ma'aikata, ki sake jera lokutan aiki ta yadda za a sami ta biyu, ko da a ɗakin da ke kusa take kwance ana iya tashinta.

Sai lokacin miƙa aiki. Yanzu na san abin da ake faɗa: wane ya sha magani, wance ta yi zazzaɓi, sabulu ya ƙare. Ki ƙara minti goma, a zaune, a cikin lokacin aiki ba bayan an tashi ba. Tambayoyi biyu sun isa. Wa ya sha wahala a daren nan, kuma me ya faru gab da ya rikice? Ke fa, da me za ki tafi gida? Ta farkon ita ce ke mayar da bita ta zama aiki. Da ita za a gano cewa yarinyar nan tocila ce matsalarta, sai a koma yin sallama da kiran sunanta kafin a shiga, a haska ƙasa ba fuska ba, a matsar da gadonta daga bangon titi. Ta biyun kuma ba a amsa ta dole. "Lafiya lau" amsa ce. Amma ranar da wata ta ce, "Wallahi wagga yarinya in ta yi kuka ɗiyata nike gani," to an sami abin da ake nema, kuma ba a bukatar kowa ya yi mata wa'azi. A saurara, a ce Allah ya sauƙaƙe, a tambaye ta ko a sauya mata ɗaki na 'yan kwanaki.

Zama na wata-wata yana da amfani shi ma, kuma akwai samfurin da za ki iya ara. Wani lauya a birnin Boston, Kenneth Schwartz, ya rasu da ciwon dajin huhu a 1995, ya bar wasiyyar a kafa cibiyar da za ta raya tausayi tsakanin masu jinya da majinyata. Daga nan aka sami zaman da ake kira da sunansa, wanda asibitoci da yawa a Amurka da Ingila suke yi: awa ɗaya, kowa da kowa daga likita har mai shara, mutum biyu ko uku da suka shirya da son ransu su faɗi yadda wani lamari na aiki ya taɓa su, sauran su tofa albarkacin bakinsu. Ba a neman mai laifi, ba a yanke shawarar gyara. A wajenmu zan ce a raba na mata da na maza, domin akwai abin da mace ba za ta faɗa gaban mai gadi ba, shi ma haka. Kada dai a manta da mazan. Mai gadi shi ke karɓar yaron da aka kawo jina-jina, direba shi ke ɗaukar gawa, kuma ba wanda ke tambayarsu yadda suka kwana.

Idan babban abu ya faru, a maimakon wancan taro na dole, ki ɗauki salon da sojojin ruwan Birtaniya suka ɓullo da shi, wanda ake kira TRiM, daga baya 'yan sanda da asibitoci suka ara. Abokin aiki da aka horar yakan sami wanda abin ya shafa bayan kamar kwana uku, su biyu kawai, ya duba yadda yake: yana barci, yana cin abinci, yana da mai taimaka masa a gida, yana ɗora wa kansa laifi? Bayan wata ɗaya ya sake dubawa. In abin yana sauka, shi ke nan. In yana nan ko ya ƙaru, a haɗa shi da masani. A kwanakin farko kuwa abin da ake yi shi ne taimakon gaggawa na kwantar da hankali da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagoransa a 2011, mai matakai uku: duba, saurara, haɗa mutum da abin da yake bukata. Sau da yawa abin da yake bukatar kuɗin mota ne, ko hutun kwana biyu, ko wanda zai raka shi gida.

Wa za a ɗora wa wannan? Ba ke za ki naɗa ba. Ki bar ma'aikata su zaɓa a asirce, kowa ya faɗa wa wani amintacce daga waje sunan wanda zai iya kai wa kukansa. Za ki sha mamaki, don sau da yawa ba nas mai takarda ke fitowa ba, wata dattijuwa ce mai wanki ko mai tuƙa tuwo. Kada ki raina wannan. A Zimbabuwe, likitan ƙwaƙwalwa Dixon Chibanda ya horar da kakanni mata suna zama kan benci a harabar ƙananan asibitocin Harare suna sauraren masu damuwa, kuma gwajin da aka wallafa a 2016 kan mutum sama da 500 ya nuna waɗanda suka zauna da su sun fi samun sauƙi nesa ba kusa ba. Mu a nan ma ba baƙon abu ba ne. Nana Asma'u 'yar Shehu, da ta so ilimi ya kai ga matan ƙauye, ba ta jira malamai daga birni ba. Ta zaɓi dattawan mata amintattu daga cikinsu, ta naɗa su jaji, ta ba su malfa, su ke jagorantar 'Yan Taru suna zuwa suna komawa. Abin lura a tsarinta shi ne jaji ba a sake ta haka nan ba, tana dawowa wurin malama. Naki ma haka: waɗanda aka zaɓa su sami horo, su sami wani masani, nas na ɓangaren ƙwaƙwalwa ko jami'in jin daɗin jama'a, da za su riƙa zama da shi lokaci-lokaci su sauke nasu kayan. A rage musu wani aikin, a kuma riƙa sauya su bayan shekara, in ba haka ba su za su fara faɗuwa.

Maganar da za ta yi miki ɗaci ita ce, ke ba za ki zauna a zaman wata-wata ba. Ke ke rubuta takardar tuhuma, ke ke sa hannu a albashi. Komai kirkinki, ba mai cewa "jiya saura kaɗan in mare shi" a gabanki. Aikinki ki ba da lokaci da wuri da ruwan sanyi, ki tsare zaman kada a cinye shi da wani aiki, sannan ki karɓi abin da ya fito a dunƙule ba suna: ana kukan aikin dare ya yi yawa, ana tsoron ɗakin baya ba kwan fitila. In kika gyara ko abu ɗaya daga ciki da wuri, za su san zaman ba wasa ba ne.

Sirri shi ne ran abin, kuma a ƙaramin gida inda kowa ya san mijin kowa, shi ya fi saurin fashewa. Ranar da maganar da aka yi a zaman ta fito a gidan suna, an gama. A faɗa tun farko cewa zama amana ne, ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, kuma ba a ɗaukar labarin yaro ko na abokin aiki a sa a WhatsApp, ko da na ma'aikata ne. Amma a faɗi iyakar sirrin ita ma tun ranar farko, kada wani ya ce an yaudare shi: in an cutar da yaro ko tsoho, ko wani yana shirin cutar da kansa, maganar za ta wuce ɗakin. "Na kusa marinsa" abin zaman ne. "Na mare shi" dole ya zo gare ki. Tallafa wa juna ba rufa wa juna asiri a kan zalunci ba ne, kuma na ga gidajen da kalmar zumunci ta zama bargon da ake lulluɓe duka da shi. Yadda za ki karɓi rahoton shi ne gwajin: a fara tabbatar da lafiyar yaron, a ba shi haƙuri a gabansa, sannan a bambanta wadda ta kuɓuce sau ɗaya ta kawo kanta da wadda duka ya zame mata ɗabi'a ko take ɓoyewa. Ta biyun ba ta da wurin zama a gidan.

Za ki ji masu cewa duk wannan rashin tawakkali ne, mumini haƙuri yake yi. Ba na jayayya da haƙuri, shi ke riƙe da yawancin ma'aikatanki har yau. Amma Annabi Yaƙub ya yi kukan Yusuf har idanunsa suka yi fari, kuma shi ne mai kyakkyawan haƙuri. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya zubar da hawaye a rasuwar ɗansa Ibrahim, ya ce ido yana hawaye, zuciya tana baƙin ciki, ba ma faɗar sai abin da Ubangiji ya yarda da shi. Abin da nake hana masu tallafi shi ne su yi amfani da "ki yi haƙuri" wajen rufe bakin mai magana tun ba ta kai aya ba. A bari ta gama, sannan addu'a ta biyo baya, za ta fi shiga. In akwai Kiristoci cikin ma'aikatan, a buɗe zaman ta yadda su ma za su ji nasu ne.

Haka batun iskoki. Yaro ya sandare, ko ya yi ta ihu da muryar da ba a saba ji ba, wasu za su ce aljanu ne. Ba sai kin yi faɗa da su a kan akida ba. Ki kafa iyaka a kan aiki: karatu a hankali, da yardar mai shi, ba laifi. Danne mutum, ihu a kunnensa, turnuƙe shi da hayaƙi, duka ko ɗauri, babu su a gidan nan, domin ga wanda aka taɓa dannewa da ƙarfi, wannan maimaita masa ranar ne. Kuma kada sanin raunin zuciya ya sa a manta da jiki. Zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai, farfaɗiya, sanƙarau a lokacin zafi, duk suna rikita mutum. Tsohuwar da ta wayi gari a ruɗe alhali jiya lafiyarta ƙalau, a fara zargin ƙarancin ruwa a jiki ko ciwon mafitsara, a kai ta asibiti, kada a ce gigin tsufa ne kawai.

Tun da na ambaci tsofaffi: wurin wanka ne aka fi samun rikici da su. Dattijuwar da gigin tsufa ya kama, abin da ta binne shekara da shekaru yakan taso, ga kuma wata baƙuwar fuska tana kwance mata zane. In ta kai duka ko ta yi zagi, ma'aikaciya takan ji zafi biyu, na zagin da na cewa sa'ar kakarta ce ba ta iya ramawa. A nan abokan aiki sun fi kowace bita amfani, domin cikinsu akwai wadda ta riga ta gano cewa Goggo tana yarda in an ɗumama ruwan, an bar mata zane a ƙirji, an miƙa mata soso ta fara da kanta, ana faɗa mata kowane abu kafin a yi. Irin wannan sani yana nan a gidanki, a kan mutum ɗaya, yana kuma fita tare da ita ranar da ta aje aiki, sai fa in an sami wurin da ake faɗarsa.

Masu tallafi ba likitoci ba ne, su san inda za su tsaya. In ma'aikaci ya haura wata ɗaya yana mugun mafarki, abin yana dawo masa kamar yanzu yake faruwa, yana gudun wani ɗaki ko wani yaro, ko ya fara dogara da tiramadol don ya iya aiki, ko baliyam don ya yi barci, lokacin asibiti ya yi. Kada a saya wa juna maganin barci a kemis. Littafin jagora na Hukumar Lafiya ta Duniya na 2013 ya hana ba da irin su baliyam don firgici ko rashin barci a watan farko bayan masifa, ba sa warkarwa, ga saurin kama mutum. In wani ya ce ya gaji da rayuwa, a tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa. Tambayar ba ta dasa tunanin. In ya ce e, kada a bar shi shi kaɗai, a kawar da maganin ƙwari da ƙwayoyi daga kusa, a kai shi a ranar. Mu a Sakkwato mun yi sa'a, ga Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya a Kware, ga sashen masu taɓin hankali a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, a ƙasar da likitocin ƙwaƙwalwa ba su kai 300 ba ga mutum sama da miliyan 200. Sai dai kin san yadda sunan Kware yake a bakin mutane, don haka rakiyar abokin aiki zuwa can, a asirce, tana cikin manyan ayyukan mai tallafi. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa da aka sa wa hannu a watan Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta hana nuna wa mutum bambanci a wurin aiki saboda wannan lalura. Ki faɗa musu da bakinki cewa zuwa asibiti ba zai ci aikin kowa ba. Ita kuma mai ciwon kai, a fara auna mata jini da ido kafin a ce damuwa ce.

Akwai abin da zama ba ya gyarawa. In albashi yana yin wata biyu bai fito ba, in mutum ɗaya ke riƙe da yara ashirin, in ba ranar hutu a mako, to tara su su yi numfashi a hankali zai zame musu kamar izgili, kuma suna da gaskiya. Shawarwarin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 kan lafiyar ƙwaƙwalwa a wurin aiki sun sa gyaran yanayin aikin kansa da horar da shugabanni a sahun gaba. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa naira 70,000 ne tun 2024, ki duba nawa ne cikin mutanenki suka kai nan. Na san ba duka ke hannunki ba, amma idan masu ba da taimako suka zo da buhunan shinkafa da masu ɗaukar hoto, ki sa albashin mai aikin dare ta biyu cikin jerin abin da kike roƙo.

Don ki san ko abin yana tafiya, ki buɗe littafi ɗaya, ba suna a ciki: sau nawa aka yi fashin aiki a wata, sau nawa aka kai hannu ga yaro ko tsoho, sau nawa aka ce "karɓe ni", mutum nawa suka tafi. A watannin farko adadin mari da tsawa da ke cikin littafin zai iya hawa maimakon ya sauka. Kada ki rushe tsarin saboda haka, kuma ki sanar da kwamitin gidan tun kafin su gani. Yawanci ba dukan ne ya ƙaru ba, abin da ake yi a ɓoye ne aka fara faɗa. Ki ba shi wata shida, sannan ki kwatanta layin mari da layin "karɓe ni", ki ga wanne ke hawa, wanne ke sauka.